Inda 'Yarki Ta Tsaya

Getso, ƙasar Gwarzo.

Zuwa ga ƙanwata Adawiyya, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Alhaji Tasi'u da yara gaba ɗaya. Yaya gwiwar taki? Ina fata kin daina taurin kan nan na ƙin shan magani sai ciwo ya kwantar da ke. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan alhamdu lillahi, muna nan yadda kika sani, ana ta haƙuri. Malam ya samu sauƙin tarin da ya dame shi, har ya koma fita gona. An yanke gero, ya yi kyau daidai gwargwado, dawa ma tana nan ta sunkuyar da kai, sai dai wake ne tsutsa ta yi mana ɓarna a gonar bakin rafi. An yi wa Gwaggo Indo aikin ido, yanzu tana gani tar, har ta ce da ta san haka muka tsufa da ba ta yarda an buɗe mata ba. Jikata Amatullahi tana wurina tun bayan sadakar arba'in ɗin uwarta, ubanta ya bar mini ita, ya kuma sa ta a islamiyyar unguwarmu.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke magana ta waya. Na sha kiran ki da niyyar in faɗa miki abin da ke raina, amma da na ji muryarki sai mu ɓuge da gaisuwa da kuka, kati ya ƙare ban ce komai ba. Da na ji Zainulabideen ɗan Kawu Hammadu zai taso sarin goro wajenku, sai na ce bari in zauna in rubuta da ɗan karatun firamaren da nake da shi. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya saba da murza ƙuli, ya manta alƙalami. Maganar 'yarki ce. Ni na haife ta, amma kin san 'yar fari ce, kunya ba ta bar ni na kira sunanta ko na ɗauke ta a gaban mutane ba. Ke kika goya ta, ke kika yi mata kitso, ke take kai wa kuka har ranar da aka kai ki Kumasi. Shi ya sa har yau da ƙasa ta rufe ta, bakina bai iya cewa komai ba sai 'yarki. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ciwon ƙodar da ta sha ya zame mata kankarar zunubi.

Kin tuna rumfar littattafan haya ta kasuwar Gwarzo, inda muke biyawa idan mun kai mai da ƙuli? Mu karɓo littafi mu tura shi ƙarƙashin faifai don kada Baba ya gani, mu dawo ke ki karanta da ƙarfi saboda kin fi ni sauri, ni ina tuya ina saurare, ita kuma tana kwance a cinyarki ta buɗe ido kamar tana gane komai. Ashe ganewa take. Wannan rumfar yanzu caja da rigar waya ake sayarwa a cikinta, mai ita ya rasu, na ji an ce ragowar littattafan masu ƙosai ne suka saye. To daga can ta ɗauko son rubutu. Bayan aurenta a Gude ta cika littattafan makaranta da labari, mijinta Musbahu ya raka ta har Kano wurin masu buga littafi. Suka ce mata takarda ta yi tsada, masu karatu kuma sun koma waya, ko sun buga ba mai saye, ta je ta yi yadda sauran mata ke yi. Ta dawo jiki a sanyaye, amma ba ta bari ba. Ta koma rubutu da manyan yatsunta biyu a kan waya, tana turawa shafi-shafi cikin wani guruf na mata masu karatu. Tana girki tana dannawa, tana jiran layin awo tana dannawa. Wata rana da ta zo gida na ce wa Amatullahi ta gaya wa mutanen Gude wannan danne-dannen zai cinye musu yatsu. Ita ma ba ta dube ni ba, ta ce wa yarinyar ta gaya wa mutanen Getso yatsan da ya shekara talatin yana murza ƙuli bai ƙare ba, balle na waya. Haka hirarmu take, sai an samu na tsakiya. Muka yi dariya, kowa na kallon wani gefe.

Abin da ban gaya miki ba shi ne yadda aka yi da wayar. Da aka zo rabon gado a gidan Musbahu, an kira malami, an fito da komai tsakar gida: gado da katifa, kwanuka, keken ɗinki, awaki, atamfofin da ba ta ɗinka ba, da wayar. Malamin ya yi aikinsa tsakani da Allah, ya ba kowa haƙƙinsa. Wayar ta faɗa rabon Musbahu. Ina zaune a wurin, Adawiyya, da idona na ga an ɗora ta a kan tabarma kusa da fitila, ban tuna komai ba. Da littafi ne na takarda mai bango, ko makaho ya shafa ya ji shi, da an tambaya na wane ne. Amma wannan ba a ganin sa, sai aka lissafa kwanon aka manta da tuwon. Musbahu ya kasa ko kallon wayar, ya miƙa wa ƙaninsa Jibirin mai sayar da taki, don tasa ta faɗa rijiya. Jibirin ya tarar da ita a kulle, ba wanda ya san lambobin buɗewa, sai ya kai wa mai gyara a Kabo aka wanke ta tas. Duk abin da ta rubuta ya tafi. Da ya gane abin da ya yi, har gida ya zo ya durƙusa yana hawaye, ƙato da shi, yana cewa da ya sani da ya ci gaba da aron ta maƙwabta. Na ce ya tashi, rashin sani ya fi dare duhu, kuma ni da na haife ta ma ban tuna ba. Ban riƙe shi ba ko kaɗan.

Ana nan sai ga baƙi daga Kano, mata uku a mota, sun sha tambaya kafin su gano gidan. Babbarsu Hajiya Zinnira, ita ce shugabar guruf ɗin da 'yarki ke turawa. Ba su taɓa ganin ta ido da ido ba, amma kukan da suka yi a ɗakina sai ki ce tare suka tashi. Suka ce mutanen da ke karanta labarinta ba su ƙirguwa, har da na Nijar da Sudan da Makka, kuma an sauke mata Alƙur'ani a garuruwan da ni ko sunansu ban taɓa ji ba. Na yi ta mamaki, yarinyar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Hajiyar ta nuna mini hoton bangon da suka yi wa labarin a waya, Rumbun Inna, a ƙasa an sa Naja'atu Musbahu Gude. Kin ga na rubuta, amma rubutawa na yi, ban faɗa ba. Sai kuma ta sauke murya ta ce akwai abin da ya kawo su bayan ta'aziyya. Labarin bai ƙare ba Allah Ya karɓi abarsa. Masu karatu suka yi ta jira, da suka ji rasuwar sai wata daga cikinsu, har yau ba a san ko wace ce ba, ta kwashe abin da ke hannunta ta zuba wa wani abu da ke cikin waya, wai inji ne mai rubutu, kana ba shi farko ya ƙarasa maka. Ya ƙarasa labarin. Aka haɗe nata da nasa wuri guda ba alama, aka sa sunanta, ya bi duniya daga waya zuwa waya. Har an sa wata murya tana karantawa don irina da karatu ke yi wa wuya. Hajiyar ta ce ba ta jin an yi da mugunta, ƙauna ce ta yi yawa, amma ta ga bai dace mu ji a bakin wasu ba.

Na ce su bar mini in ji. Kin san tawa wayar ƙarama ce mai tocila, don haka suka tura wa matar maƙwabcinmu Hauwa, ita take kawo mini da hantsi bayan ta gama shara, mu zauna a gindin darbejiya ina ɓarar gyaɗa muna saurare. Muryar ta mace ce, mai daɗi, amma ba ta numfashi inda mutum ke numfashi. Ranar farko Amatullahi ta rugo daga ɗaki tana tambaya ko Ummanta ce ta kira. Tun daga ranar sai ta tafi islamiyya muke kunnawa. Labarin wata yarinya ce Sa'a, 'yar fari, da uwarta mai ajiye irin shuka a rumbu, duk unguwa wurinta ake zuwa nema idan damina ta faɗi. Ke kin karanta, ba sai na ba ki labari ba, kuma na san kin gane Innar tun a shafin farko, har da yadda take ɗaure ɗankwali a karkace da yadda take yi wa kaji faɗa kamar masu jin magana. Hauwa ta yi ta kallona tana danne dariya. Na ce ta yi dariyarta, ai an riga an tallata ni har Sudan.

Na shiga sauraren nan da tabbacin cewa zan gane inda ta tsaya. Na ce a raina ko cikin kasuwa aka yi tari na san na 'yarki, balle magana. Na ɗauka zan ji wurin kamar yadda harshe ke jin tsakuwa a cikin shinkafa. Adawiyya, har labarin ya ƙare ban ji ba. Na sa aka maimaita mini ƙarshen, na kasa kunne kamar mai jiran kiran suna a asibiti, ban ji ba. Wani wuri in ce wannan ba bakinta ba ne, gaba kaɗan kuma in ji kalmar da ita kaɗai ke faɗa. Na yi kuka a wuraren da ban sani ba ko ita ta sa ni ko inji. Wannan ya fi mini wanke wayar ciwo. Wanke waya ƙaddara ce ta faɗa wa kowa, amma a ce uwa ta kasa bambance muryar abin da ta haifa, wannan ban san inda zan ajiye shi ba.

Ga wurin da ya hana ni sukuni. Can kusa da ƙarshe Sa'a ta dawo gida ba lafiya, ta tarar da Innarta tana sheƙe wake, ta zauna a bayanta, ba ta yarda sun haɗa ido ba. Sai Sa'a ta ce mata ta daɗe da sanin tana kiran sunanta idan ba kowa, don ta taɓa jin ta a bayan rumbu tun tana ƙarama, ta ɓuya ba ta amsa ba don kada ta ba ta kunya. Ta ce tun daga ranar ba ta ƙara jin haushin cewa ba a kiran ta ba, kuma duk inda ta je da wannan kiran take tafiya. Innar ta ci gaba da sheƙa har waken ya ƙare, ta kuma ɗebo wanda ta riga ta sheƙe. Adawiyya, na yi. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko ke. Nakan zaga bayan rumbunmu na tsohon gida in faɗi sunan a hankali, don in ji yadda yake a bakina. Da muryar nan ta karanto wurin, ƙwaryar gyaɗar ta suɓuce daga cinyata. Na ce to ta ji ni, kuma ga shi ta aiko mini da amsa ta hanyar da ta iya, ta tsakiya, yadda muka saba.

Da na kira Hajiya Zinnira ina murna ina kuka, sai ta ce ita ba za ta cuce ni ba. Ta ce a iya saninta labarin ya tsaya tun kafin Sa'a ta dawo gida, a inda take tashar mota. Saƙonnin guruf ɗinsu kuma gogewa suke da kansu bayan ɗan lokaci, sun yi haka ne don masu satar labari, don haka ba ta da abin da za ta duba. Ta ce injin nan ya sha labaran mutane da yawa, ya san uwa ba ta kiran 'yar fari, ba wuya ya ƙago irin wannan, don ba ni kaɗai ce uwar da ta taɓa zagawa bayan ɗaki ba. Ɗaya daga cikin matan da suka zo tare kuma ta rantse ta ga shafin dawowar Sa'a tun 'yarki na da rai, wata ce ta turo mata, sai dai ba ta tuna ko maganar rumbu na ciki. Kowa da inda yake nunawa. Da na tambayi Musbahu, ya ce shi bai iya karanta labarin ba tun tana raye, wai kunya yake ji kada ya ga kansa a ciki. Amma ya ce a makonninta na ƙarshe a asibiti, hannu ɗaya da robar ƙarin ruwa, tana dannawa da ɗayan. Ya ce ta huta, ta ce masa ba guruf take turawa ba, ba ta da ƙarfin surutunsu, Antinta ta Kumasi take tura wa, don ke ce kike fara gani kafin kowa tun daga shafin farko.

Shi ya sa na zo gare ki. Na tuna kin ce mini tun ranar da aka sanar da ke rasuwar ba ki iya buɗe wurin hirarku da ita a waya ba, kina ganin hotonta ki wuce. Na kuma tuna kin ce gilashin wayarki ya fashe, ɗanki Mahbub yana ta matsa miki ya sake miki sabuwa. Don girman Allah kada ki bari kowa ya taɓa ta. Ki gaya wa Mahbub uwarsa ta Getso ta ce ya sa hannunsa a aljihu. Abin da ya faru a Kabo kada ya faru a Kumasi, don in taki ta tafi ba sauran inda za a duba a duniya. Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne, tsaga miki gyambo zan yi. Amma ki yi alwala, ki samu wuri ke kaɗai, ki buɗe, ki gangara har saƙonta na ƙarshe na labarin. Ki kwafe mini shafin nan da hannunki a takarda, har kalmar da ta tsaya a kai, ko a tsakiyar magana ne. Kada ki turo ta waya, na daina yarda da abin da ya bi ta hannu da yawa. Ki ba Zainulabideen ya taho da shi.

Dalilin gaggawar, Hajiya Zinnira da matan guruf sun yi niyyar buga littafin a takarda sadaka gare ta. Wai yanzu ba sai an buga dubu ba, akwai shagon kwamfuta da zai fitar da ko guda goma ne, ya yi musu bango. Kin ga ikon Allah, abin da ya hana ta ganin littafinta tana raye shi ne kuma zai fitar da shi bayan ba ta. Su sun fi son a buga duka har ƙarshen, sun ce haka mutane suka san shi, kuma labari mara ƙarshe kamar riga ce ba wuya. Ni na ce a'a. Na ce a buga iya nata, inda ta tsaya a tsaya, ko da Sa'a za ta kwana a tasha har abada. Guda ɗaya na Amatullahi ne, zan sa mata a ƙasan akwati har ta iya karatu, kuma ba zan miƙa wa marainiya maganar inji in ce ta uwarta ce ba. Sun yarda za su jira ni zuwa bayan an gama girbin dawa. In ban kawo musu shaida ba, za su bi abin da ya fi yawa a hannun mutane, ban kuma da bakin hana su.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi. Na san halinki tun kina ƙarama, ke ce mai cewa miya ta yi daɗi ko gishiri ya kashe ta, don kada ran mai girki ya ɓaci. Na san in kika buɗe ba ki ga maganar rumbun nan ba, zuciyarki za ta ce ki rubuto mini ita haka nan, wa zai sani. Kada ki yi mini haka, Adawiyya. Na riga na haddace wurin, ina wanke-wanke ina maimaita shi, ina kan sallaya yana zuwar mini. In ba nata ba ne, gara in sani yanzu in fara koya wa kaina sakin sa, in koma ga abin da na tabbata nawa ne, dariyar nan da muke yi kowa na kallon gefe. Ya ishe ni, da shi na rayu shekara da shekaru. In kuwa nata ne, to ta ji ni, ba ni da sauran abin nema a duniya sai cikawa da imani. Ko wanne ne zan iya ɗauka. Wanda ba zan iya ɗauka ba shi ne in mutu ina rungume da abin da ban san mai shi ba.

Ki gaishe mini da Alhaji Tasi'u da kyau, ki yi masa godiyar saƙon da ya aiko lokacin zaman makoki, Allah Ya saka da alheri. Ki gaishe da Mahbub da Zubaidatu da mai jego da jaririnta, Allah Ya raya. Malam yana gaishe ku, Gwaggo Indo ta ce a gaya miki ta ga hotonki kuma kin yi ƙiba. Musbahu ya ce in miƙa gaisuwarsa, Hauwa ma haka. Amatullahi ta sa na zagaye tafin hannunta da biro a bayan takardar nan, ta ce ki auna ki ga ta girma. Ga daddawa da kuka da ɗan ƙuli nan a hannun Zainulabideen, ba yawa. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya jiƙan 'yarki, Ya haskaka kabarinta, Ya ba ki ƙarfin zuciyar buɗewa. Ni dai kunnena yana bakin titi har ɗan Kawu ya dawo.

Wassalam. Yayarki mai ƙaunarki,
Halimatu Sa'adiya.